Matuƙi Ya Fi Jirgi Tsada

Ranar 18 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet a dajin Zamfara. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya diro da lema, ya ɓuya har duhu ya rufa, sannan ya yi amfani da wayarsa ya gano hanyar sansanin sojojin ƙasa. Mutanen Dirin Daji a masarautar Zuru, waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka addaba, suna iya cewa ina riba, tunda jirgin ya salwanta? Amma kuɗi na sayo wani jirgin. Matuƙin da ba ya ruɗewa cikin ruwan harsashi kuwa, sai an shekara da shekaru ana horar da shi. Don haka wajibi ne gwamnati ta fifita horar da matuƙa da kula da su.