Agogon Turai ya sake tsallake awa guda

Duk shekara, da zarar watan Maris ya zo ƙarshe, sai koke-koke iri ɗaya su fara iso mana a gidan rediyo. Wata uwa mai sayar da kayan miya ta ce ɗanta da ke Faransa ya saba kiran ta ƙarfe 9 na dare, yanzu kuwa sai ya kira ƙarfe 8 tana tsakar rabon tuwo. Wani Alhaji mai shigo da motoci daga Beljiyam ta Kwatano ya ce ya buga waya ƙarfe 5 na yamma ya tarar an tashi daga aiki, har cinikin ya kwana. Jama'a, babu wanda ya wulaƙanta ku. Agogonsu ne ya motsa.

Mu a Nijar agogo ɗaya muke bi rani da damina. Su kuwa ƙasashen Tarayyar Turai, a ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris suke tura agogo gaba da awa guda: a Paris ƙarfe 2 na dare sai ya zama ƙarfe 3. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba su mayar da shi baya. Ke nan daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacin Paris da na Maraɗi ɗaya ne, sauran watannin kuma sun riga mu da awa guda.

Faransa ta dawo da wannan tsari a 1976, bayan tsadar man fetur ta 1973, don a rage ƙona wutar lantarki da yamma. A can yini yakan kai awa 16 a watan Yuni, ya koma wajen awa 8 a Disamba. Mu da yininmu ba ya nisa da awa 12, ba mu da bukatar wannan wahala.

Wahala ce kuwa, in ka saurari ƴan uwanmu mazauna can. Daren da aka tura agogo, barcin awa guda ya salwanta. Ana tada yara zuwa makaranta idonsu bai buɗe ba, ana kai abinci yunwa ba ta zo ba, domin ciki bai san agogo ba. Wasu sai sun yi kwanaki kafin jikinsu ya daidaita. A 2024 canjin ya faɗo ranar 31 ga Maris, cikin watan azumi. Mutanen Paris da suka sha ruwa wajen ƙarfe 7 da minti 20, washegari sai wajen ƙarfe 8 da minti 20. Tsawon azumin bai ƙaru da awa guda ba, amma an makara wajen kwanciya, ga aiki yana jira da safe.

Su kansu Turawan sun gaji. A 2018 hukumar Tarayyar Turai ta tambayi jama'a, mutum miliyan 4.6 suka amsa, kashi 84 cikin 100 suka ce a daina. Majalisar Turai ta amince a 2019, sai dai gwamnatocin ƙasashen suka kasa daidaitawa, shekarar 2021 da aka tsayar ta wuce agogo yana ta tafiya gaba da baya.

To, ƴan kasuwa, ga abin riƙewa. Saudiyya da Turkiyya sun riga mu da awa 2, Dubai da awa 3, Sin da awa 7, kuma ba sa taɓa agogonsu. Turkiyya ta daina tun 2016. Mafi yawan Amurka tana canzawa ranar Lahadi ta biyu ta Maris da Lahadin farko ta Nuwamba. In za ku tsayar da lokacin waya ko na aiko kuɗi, ku tambaya: agogonku ko namu? Matambayi ba ya ɓata. Ke kuma Hajiya, in yaron ya kira da wuri, ki ajiye mara ki amsa. Shi ma barcinsa aka yanke.