Wa ke da laifi? Ɓoye aikau da bayyana shi a gajerun labaran aure

1. Gabatarwa

Masu nazarin ƙagaggun labarai sukan tsaya ga jigo, su lissafa kishi, saki, yaji da auren dole. Wannan maƙala ta bi ta hanyar nahawu ne. Manufarta ita ce a nuna cewa ginin jimla kansa yana gaya wa mai karatu wanda aka ɗora wa alhakin rikicin gida.

2. Abin da harshe ya tanada

Hausa tana da hanyoyin faɗin mutuwar aure ba tare da an ambaci miji ba. A dubi waɗannan misalai:

(1) An yi mata kishiya.
(2) Aure ya mutu.
(3) Ta yi yaji.

A (1), lamirin "an" ya rufe aikau. A (2), aure ne ya hau matsayin aikau, tamkar ajali ne ya zo masa. A (3) kuwa aikau ya fito sarai, amma mace ce. Ga kuma alkunya, wadda ke hana mace kiran sunan mijinta, sai "maigida" ko "malam". Ke nan marubucin da ya rubuta "ya sake ta" maimakon "an sake ta" ya riga ya yanke hukunci, ko da bai ƙara kalma ɗaya ta zargi ba.

3. Matakai uku

A tatsuniya, faɗan yakan kasance tsakanin bora da mowa. Kishiya ce muguwa, maigida kuwa yana gefe, ba a tuhumarsa.

Rubutun matan Kano ya sauya wannan tsari. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990), Alhaji Abdu ne ya auro Delu, shi ne ya kori Rabi da ƴaƴanta. Littafin ya fi gajeren labari tsawo, amma ya nuna cewa ana iya kama sunan miji a jingina masa aikin.

Mataki na uku ya bayyana a gasar Hikayata, wadda sashen Hausa na BBC ya buɗe wa mata a 2016. Sunayen labaran da suka yi nasara abin lura ne: Sansani na Aisha Muhammad Sabitu (2016) da Garar Biki na Amira Souley ta Maraɗi (2022). Na farko wuri ne, na biyu al'ada ce. A nan laifin ya wuce mutum guda, ya koma kan halin da ya matse iyalin gaba ɗaya.

4. Darasin kwarin Komadugu

Wannan mataki ya shafi jihar Diffa kai tsaye. Bayan hare-haren Fabrairun 2015 a Diffa da Bosso, mazauna ƙauyukan bakin kogi sun tare a gefen hanyar ƙasa mai lamba 1, har aka sami sansani irin na Assaga. Dokar ta-ɓaci ta lokacin ta tsayar da cinikin tattasai da na kifi, waɗanda magidanta ke cefane da su. Tsohon labarin kishi yana bukatar zaure, turaka da rabon girki. A rumfar tamfol babu ko ɗaya, kuma sau da yawa hannun mace kayan agaji ke shiga. Maigidan da ba ya ciyarwa, wane lamiri ya dace da shi? Idan aka ce "an", an wanke shi da laifinsa duka. Idan aka ce "ya", an ɗora masa har da na yaƙi.

5. Kammalawa

Saboda haka muna ba ɗalibai shawara su ƙirga jimlolin saki da na kora a kowane labari, su ware masu aikau daga marasa shi. Ya kamata kuma a gwada sakamakon da labaran Barebari, tunda a Diffa harsunan biyu zaman gida ɗaya suke yi.