Shawara ba ta son allura? Jinyar masu ciwon hanta da na jini a Nguru da Gashuwa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidajenmu, daga Nguru har Gashuwa, wai shawara ba ta son allura. Da zarar idon mutum ya koma ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi ja, sai manya su ce kada a kuskura a kai shi asibiti, a nemo saiwa da ɓawo a jiƙa. Ana nan ana jiƙe-jiƙe har ciki ya kumbura ko mutum ya fara sambatu, sannan a ɗauko shi ranga-ranga daga Machina ko Karasuwa ko Jakusko zuwa asibitin tarayya na Nguru. Idan rai ya yi halinsa, sai a ce ga shi nan, dama an faɗa. Babu mai lissafa watannin da aka ɓata a gida.

Ita shawara alama ce kawai. Jajayen ƙwayoyin jini suna yin kwana 120 ko kusa da haka kafin su mutu. In sun mutu suna barin wani sinadari mai launin rawaya, hanta ta tace shi, ta tura shi cikin ruwan maɗaci, ya fita ta bayan gida. To, idan hantar ta gaza, ko hanyar maɗacin ta toshe, ko kuma ƙwayoyin jinin suna farfashewa fiye da yadda hanta za ta iya kwashewa, sai launin ya taru ya bayyana a ido. Shi ya sa mai ciwon hanta da mai sikila sukan zo da ido iri ɗaya, alhali jinyarsu ta sha bamban. Ƙwayar jinin mai sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Ba tare da gwaji ba, babu mai iya rantsewa a kan wanne ne, balle mai tallar magani a kasuwa.

Babban abin da ke kashe hanta a Najeriya shi ne ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi, nau'in C kuma kashi 1.1. Yawanci tun ana jariri ko ana yaro ake kamuwa, daga uwa wajen haihuwa, ko ta askar da ta taɓa jinin wani: kaciya, tsaga, ƙaho, cire beli, yankan farce. Jaririn da ya kamu, sau tara cikin goma cutar takan zauna masa har girma, tana cin hanta shiru. Wanzamai ba abokan gaba ba ne, sana'ar iyaye da kakanni ce, amma sabuwar reza ga kowane kai ba ta rage wa kowa daraja. Ga kuma gyaɗa da masara da suka yi funfuna a rumbu, gubarsu tana ƙara haɗarin sankarar hanta. Ga nau'in E da ke bin gurɓataccen ruwa, wanda ya ɓarke a Diffa da Ngala a 2017, ya fi yi wa masu juna biyu ɓarna.

Idan mai kumburin ciki ya kwanta, likita zai zo zagaye ya rubuta magani ya wuce. Wadda ke tare da shi dare da rana ita ce nas, kuma rabin aikinta kallo ne. Kowace safiya za ta ɗora shi a sikeli, ta zagaya cikinsa da igiyar awo daidai cibiya, ta rubuta abin da ya sha da fitsarin da ya yi. Da wannan lissafin ake sanin ko maganin fitar da ruwa yana aiki, ko kuwa ya fara wahalar da ƙoda. Sai ta tsaya gabansa ta ce, “Baba, miƙo hannuwanka, ka ɗaga tafukan kamar za ka tsayar da mota.” Ta zuba ido. In tafukan suka riƙa faɗuwa suna dawowa, tana tambayarsa yau wace rana ce yana kame-kame, ga shi ya kwana ido biyu ya wuni yana barci, to gubar da hanta ta kasa tacewa ta fara hawa kai. A gida wannan ne ake kira iska ko sammu. A ɗakin jinya kuwa ana ba shi wani ruwan magani mai zaƙi, laktulos, don ya riƙa fita bayan gida mai laushi sau biyu ko uku a rana, gubar ta bi can. Sau da yawa 'yan jinya kan ɓoye kwalbar, wai tana sa shi zawo. Fitar ita ake nema.

Hanta ce ke sarrafa yawancin sinadaran da ke sa jini ya daskare, don haka mai ciwonta yana zubar da jini da abu kaɗan. Nas takan duba dasashi, ta duba inda aka yi allura, ta hana aswaki mai tauri. Abin da ta fi tsoro shi ne bayan gida baƙi wuluk mai ɗoyi, domin idan hanta ta taurare jijiyoyin hanyar abinci sukan kumbura su fashe, kuma baƙin kashi kan riga aman jini zuwa. Wanda ya zubar da fo shi ya gani. In ya yi shiru don kunya, an rasa sa'o'in da za a ceci rai.

Maganar abinci ma akwai gyara. Mun saba hana mai shawara nama da kifi da ƙwai, a bar shi da kunu tsurarsa har ya ƙare a tsaye. Jikinsa yana bukatar wake da kifi da nono, kaɗan-kaɗan sau da yawa, har da ɗan abin taɓawa kafin barci. Abin da ake rage masa gishiri ne, kuma gishiri ba na gwangwani kaɗai ba: ɗunƙulen miya, kilishi, da kanwar da muke zubawa a kunu duk suna tara ruwa a ciki. Sai magungunan ciwon jiki na kemis, irin su diklofenak da ibufurofen da asfirin, waɗanda ke iya jawo zubar jini su kuma taɓa ƙoda. Mutanen Gashuwa, da ciwon ƙoda ya daɗe yana addaba, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a nan. Ko farasitamol sai da awon likita.

Sikila kuwa gado ce. Ana ƙiyasta ana haifar yara kimanin 150,000 da ita kowace shekara a Najeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, wato yana ɗauke da gadonta ba tare da ciwon ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar mai sikila, ba wai sai ɗa na huɗu ba. Yanayin arewacin Yobe yana matsa wa waɗannan yara ta fuska biyu: zafin bazara ya busar da ruwan jiki, sanyin hunturu ya takura jijiyoyi, kowanne yana iya tayar da ciwon. Jinyarsu ruwa ce mai yawa, da ɗumi, da maganin raɗaɗi a kan lokaci. A ganina mafi munin abin da ake yi wa mai sikila shi ne a ƙi yarda da kukansa, a ce raki ne ko ya saba da allura. Nas ta gari takan yarda tukuna, sannan ta auna. Takan kuma koya wa uwa taɓa gefen hagu na cikin yaro don jin ko saifa ta kumbura, da duba tafin hannu ko ya yi fari. Zazzaɓi, ciwon ƙirji, ko sanyin ɓari ɗaya na jiki ba a kwana da su a gida. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da ake saye a kanti kuma a bar shi sai likita ya ce, domin wanda ake yawan ƙara wa jini ƙarfen taruwa yake yi a hantarsa.

Ranar ƙarin jini ma aikin ido ne. Ana tantance kowace leda daga cutar ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, kuma a nan ne 'yan'uwa da yawa da suka zo ba da jini ke fara jin suna ɗauke da cutar. Nas za ta karanta sunan da ke jikin ledar, ta tambayi majinyaci sunansa da bakinsa, ta saki jinin a hankali, ta zauna kusa da gado minti 15 na farko. Rawar sanyi, ciwon baya, ƙaiƙayi, numfashi sama-sama, kowanne ya bayyana sai a tsayar nan take. Dole leda ta ƙare cikin awa 4. Ɗan jinyar da ya murɗa maƙullin tiyo don jinin ya yi sauri, ko ya tsoma ledar a ruwan zafi, ɓarna ya yi.

Nas-nas ɗinmu ba su da yawa. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin marasa lafiya ya san mutum ɗaya ko biyu ke riƙe da gadaje jere cikin dare, don haka mai shimfiɗa tabarma a gindin gado shi ne idonsu na biyu. In Sista ta ce, “Inna, me aka ba shi a gida?” a faɗi gaskiya, a ma nuna gorar jiƙon. Ba don faɗa take tambaya ba. Kuma kada a ware wa mai nau'in B kwanonsa, ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko musafaha. Akwai maganin tenofobir da ke danne shi, nau'in C ma ana warkewa daga shi cikin mako 12 a mafi yawan lokuta.

Tun 2004 allurar rigakafin nau'in B take cikin rigakafin yara a Najeriya, kuma ta farko an fi son ta cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu. Mai juna biyu ta nemi a gwada ta a wajen awo. Masu shirin aure su yi gwajin sikila tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Wanda kuma idonsa ya canza launi yau, jama'a, a kai shi a ɗebi jininsa kafin a jiƙa komai.