Digiri Na Biyu Ba Tare Da Barin Makaranta Ba

A da, hedimastan da ke neman ƙarin ilmi sai ya ajiye aiki ya tafi Zariya. Yau kuwa jami'ar karatu daga gida, watau NOUN, tana koyar da digiri na biyu na mulkin makarantu ta intanet.

Mun fi ganin amfanin wannan a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, gama tun da aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamban 2020, bai kamata shugaba ya yi nisa da yaransa ba. Amma fa a 2021 hukuma ta katse layukan waya a ƙasashen nan uku har watanni. Saboda haka wanda ya shiga, ya sauke littattafansa tun farkon zango, ya buga su a takarda.