BABA GANARU DA KANO PILLARS: Da Wane Mudu Za A Auna Aikinsa?

A tsakanin shekarar 2008 da 2014 kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Kano Pillars ya ɗauki kofin babbar gasar ƙasar nan har sau 4. Mutum 3 ne suka horad da 'yan wasan a waɗannan nasarori: Kadiri Ikhana a 2008, Malam Mohammed Baba Ganaru a 2012 da 2013, sai Okey Emordi a 2014. Tun daga nan kofin bai sake kwana a Kano ba, amma gardamar wanda ya fi wani a cikinsu ba ta mutu ba. A majalisun Gyadi-Gyadi da Tarauni, da gidajen kallon ƙwallo na Unguwa Uku da Daurawa, da zarar an tashi daga kallon wasan Ingila hira ta dawo gida, to, sunan Ganaru ne ya kan fara fitowa. Wasu su ce ba a taɓa yin kamarsa a Pillars ba. Wasu kuwa su ce ya tarad da tuwo ne an tuƙa an kwashe, nasa dai wanke hannu.

Maganar ba ta 'yan kallo ce kaɗai ba. Pillars kulob ne na Gwamnatin Jihar Kano, wanda aka kafa a 1990 bayan an haɗe WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North wuri guda. Daga baitulmalin jiha ake biyan 'yan wasa, daga nan ake biyan koci, kuma daga nan ake sallamar wanda aka kora a ɗauko wani. Saboda haka mudun da ake auna koci da shi ya shafi ma'aikacin da ake yanke wa haraji ko da bai taɓa leƙa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba.

Idan ƙidayar kofi za a yi, babu wata gardama. Ganaru ne kaɗai ya ci wa Pillars gasar ƙasa sau 2, kuma a jere ya yi. Masu wasa sun san riƙe kofi ya fi ɗaukarsa wuya, domin a shekara ta biyu kowane kulob da shirin yaƙi yake tarar zakara. A kan harsashin da ya bari ne aka ɗora na 2014, Pillars ya shiga sahun Iwuanyanwu Nationale da Enyimba, waɗanda su ma suka taɓa cin gasar aƙalla sau 3 a jere, na farkon daga 1987 zuwa 1990, na biyun daga 2001 zuwa 2003. Ga mutanen Kano da suka daɗe suna jira tun nasarar Raccah Rovers ta 1978, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma masu cewa ya tarad da tuwo su ma suna da hujja, kuma hujjar tasu ita ce filin Ƙofar Mata. Daga 2003 har zuwa watan Agusta na 2015 babu kulob ɗin da ya zo ya doke Pillars a gida a wasan gasar ƙasa, watau wasanni 202 a jere cikin shekara 12. Wannan tarihi ba na koci ɗaya ba ne. An fara shi kafin Ikhana ya zo, ya tsallake Ganaru, ya kai ga Emordi. Wanda duk aka ba kulob ɗin a waɗannan shekaru, da wannan jari aka ba shi.

Bari a yi ɗan lissafi. A gasar da ke da kulob 20, kowa yana da wasa 19 a gida, 19 a waje, kuma ana ba da maki 3 ga wanda ya yi nasara. Wanda ya cinye duk wasanninsa na gida yana da maki 57 ke nan ko da bai tsinana kome a waje ba. A shekarun da ake magana a kansu kuwa, maki 60 da 'yan kai ya kan isa a ɗauki kofi. Dalili shi ne a wancan zamani cin wasa a gidan wani abu ne mai wuyar gaske a gasar Nijeriya. Ga doguwar tafiya a mota daga Kano zuwa Fatakwal ko Warri, ga 'yan kallo masu zafin kai, ga kuma ƙorafin da aka yi ta yi game da alƙalan wasa, wanda yana cikin abubuwan da kamfanin LMC ya tarar sa'ad da ya karɓi ragamar gasar a 2013.

Sai dai fa wannan lissafi yana da kaifi biyu. Tun da kusan duk manyan kulob-kulob na cinye wasanninsu na gida, ashe abin da ke raba zakara da na biyu shi ne 'yan makin da aka tsinto a waje: kunnen doki a nan, nasara ɗaya ko biyu a can. A nan ne aikin koci yake bayyana, domin a gidan wani ba kuwwar Sai Masu Gida da za ta taimake shi, sai tsarin da ya yi wa 'yan bayansa da haƙurin da ya koya musu. Pillars ya yi shekaru da yawa ba a doke shi a gida ba, amma a 4 kawai daga cikinsu ya ɗauki kofi. Biyu daga cikin huɗun nan na Ganaru ne. Wanda ya ce filin ne ya ci masa, sai ya faɗi abin da ya hana filin ya ci wa sauran.

Inda hujjar masoyan Ganaru take raunana shi ne fagen Afirka. A 2013 ya kai Pillars gasar zakarun nahiyar, aka haɗa shi da AC Leopards na Kwango Barazabil, wanda a lokacin shi ke riƙe da ƙaramin kofin Afirka na 2012. A Kano Pillars ya ci 4 da 1, jama'a suka watse suna murna an gama. Da aka je can aka zura masa 3 da nema, ƙwallo ɗayar nan da Leopards ya ci a Kano ta fid da shi. Kocin da aka yaba wa saboda iya tsare gida a wasan waje, shi ne ya kasa tsare ratar ƙwallo 3 a ranar da aka fi bukata. Wannan tabo ne a littafinsa, kuma babu amfanin a ɓoye shi.

A nan ne tsofaffin 'yan kallo su kan kawo sunan wani Bature wanda bai ci wa Pillars kofi ko ɗaya ba, watau Ivo Sajh, mutumin ƙasar Sulobeniya. Shi ne ya jagoranci kulob ɗin a gasar zakarun Afirka ta 2009. A zagaye na biyu aka haɗa Pillars da Al Ahly na Masar, wanda ke riƙe da kofin, kuma kocinsa Manuel Jose ya riga ya ci shi sau 4. Aka tashi 1 da 1 a Nijeriya, aka je Alƙahira aka tashi 2 da 2, Pillars ya wuce saboda yawan ƙwallayen da ya ci a waje. Ya tsallake rukunin da ke da Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da Zesco na Zambiya, ya kai wasan kusa da na ƙarshe. A can Heartland na Owerri ya yi masa ci 5 da nema a wasanni biyu. Ƙarshen bai yi daɗi ba, amma har yau Pillars bai sake kaiwa wannan matsayi ba, kuma daren Alƙahira ne mutanen waje suka fi tunawa idan an ambaci Kano a harkar ƙwallo.

Abin lura a nan shi ne, Ikhana ne ya ci kofin 2008, amma Sajh ne ya tafi Afirka da 'yan wasan. Ganaru ne ya ci na 2013, amma kafin a fara gasar Afirka ta 2014 ya riga ya koma Nasarawa United, sai Emordi ne ya gaji tafiyar, AS Vita na Kinshasa ya fid da shi tun a zagayen farko. Vita kuwa har wasan ƙarshe ya kai a wannan shekara. Watau sau biyu wanda ya shuka ba shi ya girba ba. Ganaru ya samu darasi a hannun Leopards, amma ba a ga yadda zai yi amfani da shi ba, domin bai tsaya ya sake gwadawa da kulob ɗin da ya gina ba.

Ba rashin gwanaye ne ya damu Pillars ba. Ikhana, wanda yana cikin 'yan Green Eagles da suka ci kofin Afirka a Ikko a 1980, shi ne ya fara kawo wa Nijeriya kofin zakarun kulob-kulob na Afirka da Enyimba a 2003. Emordi ya sake cin sa da Enyimba a 2004. Dukkansu biyu an ba su lambar gwarzon koci na nahiyar a shekarun nan. Kano ta ɗauko su duka, kowanensu ya ba ta kofin ƙasa, babu kuma wanda ya daɗe.

Labarin Emordi ya fi ban tausayi. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar 'yan wasan Pillars wuta a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna tafiya Owerri wasan buɗe gasa. 'Yan wasa 5 suka ji rauni, har da Gambo Mohammed, ɗaya daga cikin manyan masu ci wa kulob ɗin ƙwallo. Cikin wannan wata aka je Maroko, Moghreb Tetouan ya ci Pillars 4 da nema. Da Agusta ta zo Nasarawa United ya shigo Ƙofar Mata ya ci 2 da 1, tarihin shekara 12 ya tsinke. Ba a jima ba Emordi ya bar aiki, aka koma aka ɗauko Ganaru. Zuwansa na biyu bai haifi kofi ba, shi ma ya tafi, aka sake ɗauko Ikhana, shi ma haka. Mutanen nan ba su manta da aikinsu ba. Kulob ɗin da suka tarar ne ba shi ne wanda suka bari ba.

Ɗalibai masu bin ƙwallon Ingila sun san labarin Alex Ferguson. Ya kama aiki a Manchester United a 1986, bai ci kofin kome ba sai 1990, bai ci gasar ƙasa ba sai 1993. Da a Kano yake, da an sallame shi tun kafin a san sunansa. Sa'ad da ya ajiye aiki a 2013 ya bar kofin gasa 13, kuma ana iya nuna abin da ya gina da yatsa, domin shekara 26 ya yi yana ginin. Ba a ce kowane koci ya cancanci irin wannan haƙuri ba. Amma kalmar gado da ake yawan ja a majalisa tana bukatar shekaru, kuma Pillars bai taɓa ba kowa shekarun ba. A kulob ɗin gwamnati, idan an sauya hukumar gudanarwa galibi a kan sauya koci, sabon koci kuma ya zo da nasa 'yan wasa.

Akwai wani mudu kuma, shi ne mutanen da koci ya raina. A zamanin Ganaru ne Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato ya yi suna a Pillars. Shi da Rabi'u Ali, wanda 'yan kallo ke kira Pele, suna cikin 'yan wasan gida da marigayi Stephen Keshi ya kai Afirka ta Kudu gasar CHAN ta 2014, inda Nijeriya ta zo ta uku. Shehu ya ci gaba har ya samu lambar tagulla a wasannin Olamfik na 2016. Rabi'u Ali kuwa ya zauna a Kano, kociyoyi suna zuwa suna wucewa suna barinsa. Idan akwai zaren da ya haɗa kofunan nan da juna, watakila a ƙafarsa yake, ba a bencin koci ba. Wannan ma wani abu ne da ya kamata mai auna Ganaru ya ajiye a gefe.

Da aka haɗa duka, hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne: a gasar cikin gida Ganaru ne na ɗaya a tarihin Pillars, kuma ba sa'a ce ta ba shi ba. A fagen Afirka Sajh ya sha gabansa nesa. Ikhana yana da darajar wanda ya buɗe ƙofa. Akwai kuma na biyar da ake yawan mantawa, Malam Ibrahim Musa, wanda aka fi sani da Jugunu. A 2018 'yan wasansa suna cin Enugu Rangers 3 da nema a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a Asaba, Rangers ya farke duka, ya kuma cinye a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Irin wannan faɗuwa ta isa ta kori koci a ko'ina. Shi ba a kore shi ba. A shekara mai zuwa, 2019, ya koma wasan ƙarshe a filin Ahmadu Bello na Kaduna, ya doke Niger Tornadoes a irin bugun da ya kayar da shi bara, ya kawo wa Kano kofin da rabonta da shi tun 1953.

A 2022 Pillars ya faɗa ƙaramin rukuni, bayan kakar da aka zabtare masa maki saboda tashin hankali a filin wasa, aka kuma tilasta masa yin wasanninsa na gida a wajen Kano. Babu kocin da za a ɗora wa wannan shi kaɗai. Ya dawo babban rukuni a 2023. A watan Yuli na 2025 Gwamnatin Jiha ta naɗa Ahmed Musa babban manajan kulob ɗin, yaron da ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010 kafin ya tafi Holan. A ranar da aka naɗa shi, shekara 11 ke nan rabon Pillars da kofin gasar ƙasa.