Man Kaɗanya Da Sauran Mayukan Gida: Maganin Kaushin Hunturu

Ko wace shekara, da an gama yankan dawa, iska ta juyo daga arewa maso gabas ta kawo hazo, sai jikin mutane ya soma shaidawa. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, dunduniya ta yi faso har ta riƙa tsattsafo da jini, yara su yi furu-furu kamar an turbuɗe su cikin toka. Da manomin da ke masussuka, da ɗan kasuwar da ke bisa hanya, da akawun da ke zaune ofis, ba wanda hunturu ke ƙyalewa. Lokacin nan ne masu kanti ke cin kasuwar man shafawa na kwalba, da tsada kuwa. Abin mamaki, in mutum ya duba rubutun da ke jikin kwalaben nan, sau da yawa sai ya tarar cikin abubuwan da aka haɗa har da man kaɗanya. Watau an sayi ƙwarar a ƙauye da arha, an kai ta ƙetare, an sa mata turare, an komo ana sayar wa mai ita.

Dalilin kaushi ba wuyar ganewa. Fatar mutum tana da ɗan maiƙo a samanta wanda ke tsare ruwan jiki kada ya fita. Da hunturu iska ba ta da laima, sai ta riƙa tsotse ruwan nan, sabulu mai ƙarfi da ruwan zafi kuma su wanke maiƙon. Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, aikinsa ya toshe hanya kada wanda ke ciki ya tsere. Saboda haka lokacin shafa mai shi ne da an fito wanka, tun jiki yana da danshi. Wanda ya bari ya bushe ƙamas sa'an nan ya laɓta mai, ya yi hasarar rabin amfaninsa.

Man kaɗanya ya fi sauran dacewa da wannan aiki, domin a daskare yake cikin ƙwarya, amma da ya taɓa ɗumin jiki sai ya narke, ya kuwa daɗe bisa fata bai gudu ba. Ga faso, sai a jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi da dare kamar minti 10, a goge kaushin da dutsen goga a hankali, a cusa man cikin tsagar, a sa safa a kwana da ita. In an lizimci haka mako guda ana ganin bambanci. Amma mai ciwon sukari kada ya goge ƙafarsa da dutse ko ya yanke kaushi da reza, shi nasa fason na asibiti ne, don ɗan rauni kaɗan a ƙafarsa yana iya zama gyambo.

YADDA AKE SAMUN MAI MAI KYAU

Mutane da yawa suna ƙin man kaɗanya wai don wari. To, warin nan galibi ba na kaɗanya ba ne, na sakaci ne, tun daga gindin itace kuwa yake farawa.

'Ya'yan kaɗanya suna nuna da farkon damina, daga wajen watan Mayu zuwa Agusta. Ba a kaɗo su, waɗanda suka faɗo da kansu ake tsinta, don su ne suka ƙosa, mai ya cika cikinsu. Mata kan fita tsinta da asuba, lokacin da maciji bai koma rami ba, kububuwa kuwa tana son gindin itace mai ciyawa. Ya kamata maigida ya share gindin kaɗanyarsa tun kafin ta fara zuba, ya kuma samar wa iyalinsa takalmi mai rufe ƙafa. Kuɗin takalmi bai kai na allurar sarar maciji ba.

In an kawo gida an shanye naman, ko an ba dabbobi, kada a tara ƙwallayen a lungu har a gama noman farko. Nan ne yawancin ɓarna take. Ƙwallon kaɗanya mai saurin tsiro ne, da ya soma tsiro kuwa man ciki ya fara lalacewa, ya yi ɗaci da wari. Sai a dafa su cikin 'yan kwanaki da tsinta, a bar su su tafasa kamar rabin sa'a ko fiye kaɗan, a kwashe a shanya bisa tabarma ko rumfa, ba bisa ƙasa mai danshi ba. In an girgiza ƙwallo an ji ƙwarar tana kaɗawa ciki, ya yi fashi. A fasa, a tsince baƙaƙe da masu fumfuna a zubar, a sāke shanya masu kyau har su bushe sarai. Waɗansu kan busar da su bisa hayaƙi don damina ba ta ba da rana, amma hayaƙi yana shiga man, masu saye don kaiwa ƙetare kuwa suna ƙin irin wannan. Wajen ajiya buhun algarara ya fi na leda, don yana shan iska, a kuma ɗora shi bisa katako.

Ran da za a yi mai, sai a daddaka ƙwarar a turmi, a soya sama-sama, kada ta ƙone, don ƙonewa ita ke kawo baƙin mai. A niƙa ta yi laushi kamar ƙullu, sa'an nan a zauna a yi ta bugu da hannu ana yayyafa ruwa, har farin mai ya rabu ya taso sama. Wannan shi ne aikin wahala, yakan ci sa'a guda ko fiye. A kwashe, a wanke shi da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har ruwan ya ƙone ƙaf, a tace da farin ƙyalle. Ruwan da aka bari ciki shi ke sa mai ya lalace kafin watanni su yi nisa. In an ƙone shi sarai, aka rufe cikin mazubi busasshe nesa da rana, mai yakan shekara lafiya lau.

Kusan rabin nauyin busasshiyar ƙwara mai ne, amma aikin hannu ba ya fitar da shi duka. Mace mai ƙwazo takan sami kamar kilo 1 na mai daga kilo 3 ko 4 na ƙwara. Itace guda kuwa a shekara matsakaiciya yakan ba da abin da ya kai kilo 3 ko 4 ɗin nan. Ashe ke nan kaɗanya biyu ko uku sun isa gida man shafawa na hunturu guda.

SAURAN MAYUKAN MADAFA

Inda ba kaɗanya, man gyaɗa da man riɗi suna tsare fata, sai dai suna da ruwa-ruwa, ƙura tana manne musu. Amma man da aka riga aka yi suya da shi ba na shafawa ba ne. Alayyadi, watau man ƙwarar ja da ake kawowa daga kudu, yana da kyau ga gashi. Matan Fulani sun daɗe suna gyaran kai da man shanu, yana kuwa tausasa gashi ƙwarai, illarsa ita ce saurin yin wari in ya kwana biyu a kai. In an narka man kaɗanya cokali 3 aka haɗa da cokali 1 na alayyadi ko man riɗi, sai a sami mai mai taushi wanda ke shiga gashi ba wahala. A shafa wa gashin kansa, musamman bakinsa inda yake karyewa, kada a cika fatar kai da shi.

Akwai abin da mai ba ya yi, ya kamata a faɗa. Gashin goshi da ke zubewa saboda kitso mai tsauri ba man da zai tsirar da shi in ba a sassauta kitson ba. Amosanin kai sau da yawa ƙaruwa yake yi in an yawaita mai, domin ƙwayar da ke haddasa shi maiƙo take ci. Makero a kan yaro, da ƙazuwa, da ƙyasbi, cututtuka ne masu maganinsu a asibiti, shafa mai ɓata lokaci ne, kafin nan yaro ya shafa wa 'yan'uwansa. Wanda ya ƙone da wuta, ruwa mai sanyi za a yi ta kwarara masa kamar minti 20, ba man gyaɗa ko man ja ba. Cibiyar jariri kuwa ba a sa mata ko wane irin mai na gida, sai maganin da ungozomar asibiti ta bayar.

Har wa yau a yi hattara da lemun tsami. Waɗansu 'yan mata kan goga shi a fuska wai don haske, su fita rana, sai fatar ta ƙone ta bar baƙin tabo. Lalle na gona, ja, ba shi da laifi ga manya, amma baƙin da ake haɗawa da rinin gashi yakan sa hannu ya yi bororo. Mafi muni duka shi ne man bilicin. Waɗansunsu suna da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, waɗansu suna sa fata ta yi siriri har in an yi rauni ta ƙi haɗewa. A 2023 hukumar NAFDAC ta yi shelar cewa abin ya zama babbar matsalar lafiya a Nijeriya. Man kaɗanya ba ya sa mutum fari, ba ya kuma kai shi asibiti.

ITACEN KANSA

Kaɗanya ba ta fita ko'ina a duniya sai a wani ɗamarar ƙasa na Afirka, daga Senegal zuwa Sudan ta Kudu da Yuganda. Baturen nan matafiyi Mungo Park ya gan ta a ƙasar Bambara a 1796, ya yaba manta ƙwarai, har masana itatuwa suka daɗe suna kiranta da sunansa. Nijeriya tana sahun gaba wajen yawanta, musamman jihohin Neja, Kwara, Kebbi da Kaduna. Masu yin cakulan a Turai suna sayen manta, domin tun shekarar 2000 dokar Tarayyar Turai ta yarda a sa mai irin nata cikin cakulan har kashi 5 cikin 100. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta hana fitar da ɗanyar ƙwara waje na wata 6, don a riƙa matse man a gida. Farashin ƙwara ya faɗi nan da nan, masu tsinta suka ji jiki. Matar da ta iya fitar da mai mai tsabta ita ce ke da mafita a irin wannan hali, don ba dole ne ta sayar ran da kasuwa ta faɗi ba.

Amma duk wannan sai itacen yana tsaye. Kaɗanya takan shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, ba ta cika ƙarfi sai ta kai wajen shekara 40, daga nan ta yi ta bayarwa har fiye da shekara 200. Mai gawayi kuwa yini guda ya ishe shi ya kā da ita, don gawayinta yana da nauyi, yana riƙe wuta, masassaƙa kuma suna sonta don turmi. Manomin da ya sayar da kaɗanyar gonarsa a kan kuɗin 'yan buhunan gawayi, ya sayar da abin da kakansa ya bar masa, jikansa ma ba zai ga madadinsa ba sai ya yi furfura.

Abin da manomi zai yi ba mai yawa ba ne. Kaɗanya ba ta son dashe saboda doguwar saiwarta, don haka waɗanda suka tsiro da kansu cikin gona su ne abin kiwo. Lokacin sharar gona a zaɓi masu ƙarfi, a kafa musu turke don kada garmar shanu ko tarakta ta bi ta kansu, a kewaye su da ƙaya saboda awaki. Tana yin fure da rani, tun cikin hunturu, saboda haka wutar daji ta ƙarshen rani tana ƙone amfanin shekara tun yana fure. A share ciyawar gindinta da wuri. In kauci ya kama reshe a sare shi ƙasa da inda ya kama, don tsotse itacen yake yi. Mai amya ya rataya ta kusa, ƙudan zuma su ke haɗa furen, 'ya'ya su ƙaru, ga kuma zuma. Masu bincike a tashar NIFOR da ke Bida, da ta Bole a arewacin Gana, suna aikin auren itace, watau a ɗauko reshen uwa mai yawan 'ya'ya a ɗaura wa ƙaramar da ta tsiro a gona, ta haka takan fara haihuwa cikin 'yan shekaru. Wanda ke da ƙananan kaɗanya a gonarsa yana so a aura masa su, sai ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa tun kafin ruwa ya sauka.