Kalmomin Takardun Gona da Gida a Kura da Bunkure

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ƙasar nan ta ƙara daraja, baƙi suna neman gonakin rani da ɗakunan zama. To, sai Hakimai da malamansu su kiyaye kalmomin nan.

Aro ba kuɗi, mai gona yana karɓar abinsa in wa'adi ya cika. Haya da kuɗi, kuma da wa'adi. Jingina kuwa, gona tana hannun mai bin bashi har ran da aka fanshe ta. La'ada ita ce ladan dillali. C of O takardar shaida ce wadda Gwamna ke bayarwa bisa dokar filaye ta 1978.

Malamin da ya rubuta saye maimakon jingina ya raba magada da gonar ubansu. Saboda haka a karanta takarda gaban shaidu kafin kowa ya dangwala.